Tukunyar Nukiliyar Zariya: Nazari kan Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello

A ranar 3 ga watan Fabrairun 2004, a harabar Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka fi sani da CERT, tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya ta kama aiki, wato ta kai matsayin da tsagewar ƙwayoyin zarra na yuraniyom ke ci gaba da kanta, kowace tsagewa tana haifar da ta bayanta. Sunan tukunyar NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, kuma ƙarfinta a wancan lokaci kilowat 30 ne na zafi, kwatankwacin abin da dutsen guga na lantarki talatin ke fitarwa idan aka jona su gaba ɗaya. Ba a haɗa ta da injin da ke juya tururi ya koma wuta ba, kuma ba a ƙera ta don haka ba. Duk da haka, da wuya a ambaci cibiyar a gaban wanda bai san aikinta ba, bai tambaya ba cewa in har akwai nukiliya a Zariya, me ya sa Samaru da Sabon Gari suke kwana a duhu. Tambayar ba ta wauta ba ce, domin sunan cibiyar ne ya jawo ta: an ce makamashi, shi kuwa mai sauraro wutar lantarki ya sani.

Abin da ya sa cibiyar ta cancanci nazari shi ne tana nuna yadda fagen aikin cibiyar binciken injiniya a jami'a ke samuwa a zahiri. Takardar kafa cibiya takan lissafa buruka masu faɗi, amma abin da cibiyar za ta ƙware a kai yakan biyo bayan na'urar da ta samu, da iyakar abin da na'urar za ta iya, da kuma mutanen da suka daɗe suna juya ta har suka san halinta. A Zariya ana iya bin sawun wannan daga farko har zuwa gwaji mafi girma da cibiyar ta fuskanta, wato sauya man tukunyar a shekarar 2018.

Najeriya ta fara sanin nukiliya ne ta hanyar fargaba. A watan Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, kuma duk wanda ya san inda iskar hunturu ke fitowa ya san dalilin da hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961 saboda ci gaba da gwaje-gwajen. A 1964 ƙasar ta shiga Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, a 1968 kuma ta sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ƙare dangi. Sai a 1976 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, amma hukumar ta zauna a kan takarda shekara 30, ba ta fara aiki ba sai 2006. Abin da ya motsa a zahiri bayan dokar shi ne ɗora wa jami'o'i biyu nauyin bincike da horar da masana a fannin: ta Zariya da ta Ile-Ife. Daga baya aka raba sauran fannonin makamashi tsakanin wasu jami'o'in, inda Sakkwato da Nsukka suka ɗauki hasken rana da makamashin da ake sabuntawa, Bauchi ta ɗauki man fetur, Ilori kuma wutar da ake samu daga ruwa.

Ko tsakanin cibiyoyin nukiliyar biyu, na'ura ce ta raba musu aiki. Ife ta samu injin da ke harba ƙwayoyin zarra da gudu su daki abin da ake bincike, sai ta karkata ga irin nazarin da ake yi da wannan injin. Zariya ta samu tukunya, sai duk aikinta ya kewaye nutiron, wato ƙwayar nan marar caji da ke fita daga zuciyar yuraniyom idan ta tsage. Samun tukunyar ma bai zo da sauƙi ba. An ƙulla yarjejeniyar samar da ita tsakanin Najeriya da Sin da IAEA a 1996, amma sai bayan shekara 8 ta kama aiki. Jerin shekarun da ke tsakani yana da abin faɗa: dokar kare lafiyar jama'a daga tururin nukiliya, wato hasken da ido ba ya gani amma yake cutar da jiki, an yi ta a 1995, hukumar da za ta aiwatar da ita, wato NNRA, ba a kafa ta ba sai 2001, kuma babu ƙasar da za a miƙa wa man nukiliya alhali ba ta da mai ba da lasisi da mai sa ido. Ke nan tun kafin tukunyar ta auna ko da cokalin ƙasa ɗaya, kasancewarta ta tilasta wa ƙasar ta gina tsarin da asibitoci da kamfanonin mai ma suke buƙata, domin su ma suna amfani da kayan da ke fitar da tururin.

Yadda aka ƙera tukunyar

NIRR-1 tana cikin wani ƙaramin dangi na tukwanen bincike da Cibiyar Makamashin Nukiliya ta ƙasar Sin ta ƙera, bisa tsarin wata tukunyar Kanada mai suna SLOWPOKE. Ta farko ta fara aiki a Bejin a 1984, sannan aka kafa irinta a Fakistan, da Iran, da Gana, da Siriya, ta Najeriya ce ta zo a ƙarshe cikin waɗanda aka fitar waje. Zuciyarta, inda man yake, ba ta fi ƙaramin bokiti ba, domin faɗinta da tsayinta duka kusan santimita 23 ne. A cikinta aka jera siraran sanduna sama da 340 na yuraniyom da aka gauraya da alminiyam, aka kewaye su da wani ƙarfe mai suna beriliyam wanda ke mayar da nutiron ciki idan sun nemi tserewa, aka sa duka a tulun ƙarfe cike da ruwa, tulun kuma aka nutsar da shi a cikin wani tafki mai zurfi. Ruwan nan aiki uku yake yi: yana rage gudun nutiron don su iya tsaga yuraniyom, yana kwashe zafi, yana kuma tare tururin nukiliya daga mutanen da ke tsaye a bakin tafkin. Babu famfon da ke zagaya da shi ta cikin zuciyar. Wanda ya yi zafi yana tasowa sama, mai sanyi yana maye gurbinsa daga ƙasa, kamar yadda ruwa ke yi a tukunyar da ke kan murhu. Linzaminta kuwa sanda ɗaya ce tak ta kadmiyam a tsakiya, wadda ke shanye nutiron: a ɗaga ta tukunya ta tashi, a sauke ta tukunya ta mutu.

Mutum zai iya jin tsoron a ce sanda ɗaya ce kawai ke riƙe da tukunyar nukiliya a kusa da gari. Amsar tana cikin ƙirar kanta. An auna man ne ta yadda rarar ƙarfin da tukunyar ke da shi, bayan abin da take buƙata don ta ci gaba da aiki, kaɗan ne ƙwarai, kuma duk lokacin da ruwan ya ɗumama sai ya rage iya tsayar da nutiron, ƙarfin tukunyar ya ja baya da kansa. Ko da an zare sandar gaba ɗaya bisa kuskure, ƙarfin zai hau zuwa wani mataki ne ya tsaya, sannan ya sauko, ba tare da man ya narke ba. Wannan hali ne ya sa ake iya ajiye irinta a jami'a, a hannun malamai da ɗalibai.

Sai dai abin da ya ba ta aminci shi ne ya taƙaita ta. Tun da rarar ƙarfin ba ta da yawa, bayan wasu 'yan sa'o'i tana aiki da cikakken ƙarfi, zafin ruwa da wani iskar gas mai suna zinon da ke taruwa a cikin man sukan cinye rarar, tukunyar ta kasa riƙe matakinta, dole a kashe ta a bari ta huce. Ba a kwana ana aiki da ita kamar manyan tukwane. Bayan shekaru, idan man ya fara raguwa, ba a canja shi. Ana ɗora siraran faifan beriliyam ne a saman zuciyar don a dawo da abin da aka rasa. Yawan nutiron da take bayarwa a inda ake sa samfuri shi ne tiriliyan ɗaya a kowane murabba'in santimita a daƙiƙa ɗaya, adadin da ke da ban mamaki a kunne, amma manyan tukwanen bincike suna ba da ninkinsa ɗari ko fiye. Daga waɗannan iyakoki ne fagen aikin CERT ya fito: tukunyar ta yi ƙanƙanta ga gwajin ƙarafan gina tashar wuta, ta yi ƙanƙanta ga samar da magungunan nukiliya da yawa, amma ta dace sosai da aiki ɗaya, wato gano sinadaran da ke cikin abu da yawansu.

Aikin awo

Ga yadda ake yi. A ce mai bincike ya ɗebo ƙasa daga wata fadama da ake noman rani da ruwan da ya ratso ta bayan masana'antu, yana son ya san abin da ke cikinta. Za a shanya ƙasar, a daka ta ta yi laushi, a auna abin da bai kai rabin giram ba, a ƙulle shi a ƙaramar leda mai tsabta, a sa a wani kwanson roba da bai fi ɗan yatsa girma da yawa ba. Masu sana'ar a ko'ina cikin duniya suna yi wa wannan kwanso laƙabi da zomo, saboda yadda yake arcewa: matsattsiyar iska ce ke tura shi ta cikin bututu daga ɗakin gwaji har gefen zuciyar tukunya, a can ya zauna gwargwadon lokacin da aka ƙayyade, iskar ta sake dawo da shi. Yayin da yake can, ƙwayoyin sinadaran da ke cikin ƙasar suna haɗiye nutiron su rikiɗe su koma nau'in da ba ya zaune lafiya, wanda ke fitar da hasken gama yayin da yake komawa daidai. Kowane sinadari da irin ƙarfin haskensa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa, sai a ɗora samfurin a kan na'urar jamaniyam, mai auna hasken gama, ta karanta, kwamfuta ta zana tsaunuka a kan allo, wurin da tsauni ya tsaya ya faɗi sunan sinadarin, tsayinsa kuma ya nuna yawansa idan aka kwatanta da wani samfuri da aka riga aka san abin da ke cikinsa.

Gwanintar aikin tana wajen sarrafa lokaci, domin sinadaran ba tare suke dusashewa ba. Alminiyam da aka haska rabinsa ke tafiya cikin minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi, don haka dole a auna shi da zarar zomo ya dawo. Manganis yana ɗaukar kusan awa 2 da rabi, sodiyam awa 15, arsenik kimanin awa 26, zinare kusan kwana 3, kobal kuwa sama da shekara 5. Saboda haka samfuri ɗaya akan haska shi na 'yan mintuna a auna nan take, a sake haska wani yankinsa na sa'o'i a ajiye kwanaki, har makonni, sai masu ƙarar sun yi shiru kafin a ji muryar masu rauni. Sodiyam, alal misali, yana da yawa a ƙasa da tsirrai, kuma idan ba a jira ya lafa ba zai rufe ƙananan sinadaran da ake nema. Falalar wannan hanya ita ce ba a narkar da samfuri da asid, don haka ba a shigar masa da datti daga waje, kuma ana iya samun sinadarai masu yawa daga awo ɗaya, wasunsu a matakin kashi ɗaya cikin miliyan ko ƙasa da haka.

Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a ga inda Arewa ke buƙatar irin wannan. Ƙasar noma da takin zamani, hatsi da ganyayyaki, kanwa da magungunan gargajiya, laka daga madatsun ruwa, duwatsun da masu haƙar ma'adinai ke tonowa, duka abubuwa ne da ake jayayya a kansu a kasuwa da ofis ba tare da awo ba. A Filato akwai tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari, wadda ke ɗauke da ma'adinai masu toriyam da yuraniyom, kuma mutane suna noma da gini a kusa da ita; sanin yawan tururin da ke fita daga wurin aiki ne na masu irin ilimin da ake koyarwa a Zariya. Amma akwai wani misali da ya fi koyar da hankali, domin yana nuna inda tukunyar ta gaza. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Zinaren da ya jawo masifar, tukunya tana ganin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Dalmar da ta kashe yaran kuwa tana cikin sinadaran da wannan hanya ba ta iya gani da kyau, domin ba ta fitar da hasken gama mai amfani bayan an haska ta. Ana neman ta ne da wasu na'urori, irin masu amfani da hasken hoton ƙashi, wasunsu ma ana riƙe su a hannu a auna ƙasar tsakar gida nan take. Cibiyar da ta dogara da na'ura ɗaya, komai darajarta, wata rana za a kawo mata tambayar da ta fi kowace muhimmanci ta rasa amsa, shi ya sa CERT ba ta tsaya ga tukunya kaɗai ba, ta haɗa da sauran hanyoyin awo da kuma aikin kare mutane daga tururi.

Wannan ɓangare na ƙarshe ba a cika yin maganarsa ba, alhali shi ya fi kusa da rayuwar yau da kullum. Asibitocin da ke gasa cutar daji, da kamfanonin da ke leƙa cikin rijiyoyin mai, da masu duba walda a bututu, duka suna aiki da ƙananan kwalaye masu fitar da tururi, waɗanda idan sun tsufa ba a jefar da su a bola. Sai an samu wanda ya iya auna su, ya san yadda ake ɗaukar su da ajiye su, ya kuma iya lissafa abin da jikin ma'aikaci ya sha a wata. Horar da irin waɗannan mutane, tare da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke zuwa da samfurinsu daga jami'o'i daban-daban, shi ne rabin sunan cibiyar, kuma a ganina shi ne rabin da ya fi cika alƙawari.

Sauya mai a 2018

Yuraniyom ɗin da ake tonowa a ƙasa, kamar na Arlit a Nijar, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na cikinsa yake nau'in da ke tsagewa, wato yuraniyom-235. Tacewa ita ce ƙara wannan kaso. Tashoshin wuta sukan yi aiki da abin da bai wuce kashi 5 ba, daga kashi 20 zuwa sama kuma ana ɗaukar sa a matsayin wanda aka tace sosai. Man da aka loda wa NIRR-1 a farko ya kai kashi 90, matakin da ake ƙera makami da shi. Yawansa kimanin kilo ɗaya ne, alhali ma'aunin da IAEA ke ɗauka a matsayin abin da zai isa bam ɗaya kilo 25 ne, don haka ba wanda zai ƙera makami da abin da ke Zariya shi kaɗai. Amma manufar da Amurka ta fara bi tun 1978, wadda ta ƙara ƙarfi bayan harin 11 ga Satumban 2001 da tarukan ƙoli kan tsaron nukiliya da aka yi daga 2010 zuwa 2016, ita ce kada a bar irin wannan mai a wuraren farar hula ko kaɗan, domin kaɗan daga nan kaɗan daga can shi ke zama da yawa. Ga kuma halin tsaron da Arewa ta shiga a waɗannan shekaru.

Ta fuskar injiniya, ba wai a zare wannan a zura wancan ba ne. Idan aka rage tacewa, nau'in yuraniyom-238 ya ƙaru, shi kuma yana shanye nutiron ba tare da ya tsage ba, ga shi zuciyar ba ta da wurin da za a faɗaɗa ta. Dole sai an samu man da ya fi cushewa a wuri ɗaya, wanda kuma zai riƙe wancan hali na ja da baya idan ruwa ya yi zafi, domin shi ne ginshiƙin amincin tukunyar. Tun daga 2006 IAEA ta haɗa ƙasashen da ke da irin wannan tukunya a shirin bincike guda, tare da ɗakin gwaje-gwajen Argonne na Amurka da masu ƙirar na Sin, kowace ƙasa tana lissafa tata tukunyar a kwamfuta, ana gwada lissafin da abin da aka auna a zahiri. Amsar da aka tsaya a kai ita ce yuraniyom mai kashi 13, a siffar ƙwayoyin tangaran da aka jera a bututun ƙarfen zarkoniyam, irin tsarin man tashoshin wuta. Tun da sabon man yana rage yawan nutiron a wurin sa samfuri da kusan kashi 10 cikin 100, sai aka ɗaga ƙarfin tukunyar daga kilowat 30 zuwa 34 don zomo ya ci gaba da samun abin da ya saba samu.

Sin ta fara da tata a 2016, Gana ta biyo baya a 2017, sannan aka zo kan Najeriya. Akwai wata matsala da ƙirar tukunyar ta haifar: tun da a rufe zuciyar take, kuma ba a canja mata mai, ma'aikatan da suka shekara 14 suna kunna ta suna kashewa ba su taɓa fitar da ita ba. An warware wannan ne ta hanyar gina kwaikwayon tukunyar a Gana, inda ma'aikatan Zariya suka je suka yi ta maimaita kowane mataki, daga ɗaga murfi zuwa jan zuciyar cikin tulun kariya, har hannu ya saba. A watan Oktoban 2018 aka fitar da tsohuwar zuciyar, a Nuwamba sabuwar ta kama aiki, a farkon Disamba kuma aka ɗauki tsohon man cikin tsauraran matakan tsaro zuwa filin jirgin saman Kaduna, aka sa shi a jirgin dakon kaya zuwa ƙasar Sin inda ya fito. NIRR-1 ce tukunyar bincike ta ƙarshe a Afirka da ta yi aiki da yuraniyom da aka tace sosai.

Kafafen watsa labarai sun fi mayar da hankali ga cewa Amurka da Sin sun haɗa kai a kan abu ɗaya a daidai lokacin da suke takun saƙa kan ciniki, da kuma batun hana 'yan ta'adda samun man. Abin da aka fi mantawa shi ne cewa kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya sai da aka gabatar wa NNRA sabon rahoton tabbatar da aminci, kuma bayan baƙi sun koma gida, mutanen cibiyar ne suka zauna da sabuwar zuciya suna sake auna halinta, domin duk ma'aunin da aka dogara da shi wajen awon samfuri tun 2004 an gina shi ne a kan tsohon man. Shekarun da aka kwashe ana lissafin sauyin sun kuma samar wa cibiyar wani fage da ba ta fara da shi ba, wato ƙwarewa a lissafin tafiyar nutiron da zafi a zuciyar tukunya, wanda shi ne ainihin ilimin injiniyan nukiliya.

Inda matsalar take

Cibiya irin wannan tana da iyayen gida biyu. Tana zaune a jami'a, ɗalibanta da yawancin rayuwarta na jami'a ne, amma tana cikin cibiyoyin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya ke kula da su, tare da na Ife, Sheda, Maiduguri, Fatakwal da Owerri, ga kuma NNRA da IAEA da ke bin diddigin kowane giram na man. Jami'a tana auna malami da yawan maƙalun da ya buga, shi kuwa mai kula da tukunya aikinsa ya fi kyau ne a ranar da babu abin da ya faru, kuma ba a rubuta maƙala a kan wannan. Idan jami'o'i suka shiga yajin aiki, kamar na wata 8 da aka yi a 2022, bincike yana tsayawa, amma kula da tsabtar ruwan tafki da tsaron wurin ba sa jira. Na'urar jamaniyam ma sai an riƙe ta cikin tsananin sanyi kafin ta yi aiki, galibi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, irin waɗannan ƙananan buƙatu ne ke yanke hukuncin yawan kwanakin da za a yi aiki a shekara.

Amma babbar matsalar, a nawa ganin, ta masu kawo tambaya ce. Na'urar awo tana da amfani ne gwargwadon waɗanda suke son sanin gaskiyar abin da ke hannunsu, kuma har yanzu mai sayen dutsen ma'adinai a daji ya fi dogara da ido da nauyin hannu, mai taki ya fi dogara da abin da aka rubuta a buhu. Sakamakon awon da ɗalibi ya yi don digirinsa yakan ƙare a kan kanta a ɗakin karatu, ba ya isa teburin ma'aikatar da ke da ikon rufe rijiya ko hana sayar da wani kaya. Laifin ba na tukunyar ba ne, amma yana rage abin da ƙasar ke samu daga gare ta.

Game da wutar lantarki kuwa, wadda ita ce tambayar farko, Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashar nukiliya da kuma wata babbar tukunyar bincike, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da aka zaɓa. Afirka ta Kudu tana da tashar Koeberg tun shekarun 1980, Masar kuma ta fara gina tata a El Dabaa a 2022, mai tukwane huɗu, kowace megawat 1,200. Tsakanin kilowat 34 na zafi da irin waɗannan akwai tazarar da ba za a cike ta da faɗaɗa abin da ke Zariya ba. Abin da Zariya za ta iya bayarwa shi ne mutanen da suka taɓa riƙe linzamin tukunya ta gaske, suka kuma saba da amsa tambayoyin masu sa ido.

Babbar tukunyar binciken ma ta fi tashar wutar kusa da buƙatar da ake ciki. Asibitocin da ke ɗaukar hoton zuciya da ƙashi da ƙoda da maganin nukiliya suna amfani da teknitiyam, wanda ake tatsa daga wani nau'in molibdinam da tukwane masu ƙarfi ne kaɗai ke iya samarwa da yawa, irin SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu mai megawat 20. NIRR-1 ba za ta iya wannan ba, don haka daga waje ake shigo da shi. Molibdinam ɗin kuma rabinsa ke dusashewa cikin awa 66, wato kusan kashi ɗaya cikin 100 a kowace awa, ko yana cikin jirgi, ko yana jiran takardun kwastan, ko yana kan hanyar zuwa asibiti.